TSUFAN DOLE: DON ME SABUWAR MANHAJA KE ƘIN TSOHON ALLO?

A farkon wannan zangon karatu, wani ɗan'uwanmu da muke kwana ɗaki ɗaya da shi ya komo daga lacca ransa a ɓace. Malaminsu ya umarce su da su sauke wata manhaja ta zanen gine-gine, domin da ita za a yi aikin da zai ɗauki maki ashirin cikin ɗari. Shi kuwa yana da kwamfutar allo, irin wadda 'yan kasuwa ke kira tabilet, wadda ya gada daga yayansa da ya gama karatu. Allon nan lafiyarsa ƙalau. Fuskarsa ba ta tsage ba, batirinsa yakan kai shi la'asar, kuma da shi ya karanta dukan littattafan aji ɗaya da na aji biyu. Amma da ya je sauke manhajar, sai aka rubuto masa ɗan gajeren saƙo da Turanci, ma'anarsa ita ce wannan manhaja ba ta dace da na'urarka ba. Ba a faɗa masa dalili ba, ba a kuwa nuna masa mafita ba. Ya ɗauka ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya jujjuya shi, ya daddanna, sa'an nan ya miƙa masa abinsa ya ce, “Malam, babu abin da ya lalace. Tsufa ne kawai.” Shekarar allon shida a duniya.

Daren nan mun daɗe muna gardama. Waɗansu suka ce zalunci ne tsagwaronsa na 'yan jari hujja, waɗanda ba su da buri sai su ga talaka ya koma kanti. Waɗansu kuma suka ce ai haka zamani ya gada, in kiɗa ya canza tilas rawa ta canza. Mu dai a namu ganin, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ne ya saki rabi. Tilas ɗin da ke hana sabuwar manhaja hawa tsohon allo iri biyu ne. Akwai tilas na ƙira, watau abin da kayan cikin na'urar suka kasa ɗauka, akwai kuma tilas na kasuwa, watau abin da wani mutum ya zauna a ofishinsa ya yanke. Wanda bai iya rarrabe su ba, ko dai ya yi ta zagin da ba shi da tushe, ko kuwa a yi ta cutarsa yana godiya. Don haka muka ga ya dace mu zauna mu warware wa 'yan'uwa ɗalibai zare da abawa.

TILAS NA ƘIRA

Bari mu fara da abin da ke cikin allon. Mai karatu ya ɗauka shagon tela ne. Akwai telan kansa, shi ne ƙwaƙwalwar na'ura wadda ke yin lissafi. Akwai teburin da yake shimfiɗa yadi ya yanka, shi ne ma'ajiyar wucin gadi wadda ake kira ram. Akwai kuma kabad ɗin da yake jibge yadudduka da ɗinkunan da ya gama, shi ne rumbun ajiya inda hotuna da littattafai suke. Yawancinmu idan mun je saye, girman kabad muke tambaya, mu ce giga nawa ne. Alhali kuwa abin da ya fi hana manhaja aiki shi ne ƙanƙantar tebur da rashin saurin tela. Babbar riga mai aska takwas ba ta yankuwa a kan teburin da aka yi don hula, komai girman kabad ɗin da ke bayan shagon.

Ga misali. Lokacin da kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPad na farko a shekarar 2010, ram ɗinsa megabayit 256 ne. Wanda ya fito da shi a 2021 mai ƙwaƙwalwar da ake kira M1 yana da aƙalla gigabayit 8, watau ninki talatin da biyu ke nan cikin shekara goma sha ɗaya. Haka abin yake ga ƙwaƙwalwar kanta. Ana auna ta da yawan 'yan ƙananan makunnai da ke cikinta, waɗanda ake kira taransista, sunan da iyayenmu suka sani a jikin rediyo. Ƙwaƙwalwar A7 ta 2013 tana ɗauke da taransista sama da biliyan 1, ita kuwa M1 biliyan 16 gare ta. Tun a 1965 wani injiniya mai suna Gordon Moore ya lura cewa yawan taransistar da ake iya cusawa a ƙwaƙwalwa ɗaya yana ninkawa a kai a kai, daga baya a 1975 ya daidaita lissafinsa a kan kowace shekara biyu. To, duk mai rubuta manhaja ya san da wannan, saboda haka yakan auna aikinsa da teburin yau, ba ya waiwayar na jiya.

Abu na biyu shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke ƙidaya. Kowane gurbi a cikin ram yana da lamba, kamar yadda gidaje ke da lamba a unguwa. Tsofaffin ƙwaƙwalen da ake kira masu bit 32 ba su iya ƙidaya gurbi fiye da biliyan 4 da 'yan kai, watau gigabayit 4. Da aka ga unguwa za ta fi ƙarfin lambobi, sai aka koma ga masu bit 64. Wannan sauyi ya shigo wayoyi da alluna a 2013. Tsohuwar ƙwaƙwalwa ba ta jin umarnin da aka rubuta don sabuwa, ko kaɗan, kamar dai a karanta wa wanda bai san boko ba wasiƙar boko. A 2017 Apple ya daina karɓar tsofaffin manhajoji masu bit 32 a cikin iOS 11, kuma daga Agustan 2019 Google ya wajabta wa masu kawo manhaja kantinsa su riƙa haɗawa da mai bit 64. Daga nan masu rubutu da yawa suka ga ba su da dalilin wahalar da kansu da ƙira biyu.

Abu na uku, sababbin alluna suna da waɗansu gaɓoɓi da tsofaffi ba su da su sam. A cikin ƙwaƙwalwar zamani akwai sashen da aikinsa kawai zana hoto, akwai na warware bidiyo, akwai kuma na lissafin ƙirƙirarriyar basira, wanda Apple ya fara sakawa a 2017. Manhajar da aka gina a kan ɗaya daga cikin waɗannan sassa, idan ta laluba ba ta same shi ba, ko dai ta ƙi tashi, ko ta ɗora wa babbar ƙwaƙwalwa nauyin, allo ya yi zafi, batir ya zube cikin sa'a guda. A watan Mayun 2023 Apple ya fito da manhajoji biyu na iPad a rana ɗaya. Ta haɗa kiɗa da sauti, Logic Pro, ta yarda da ƙwaƙwalwar A12 wadda aka fara yi tun 2018. Ta tace fim, Final Cut Pro, ta ce sai M1 ko abin da ya fi ta. Kamfani ɗaya ne, rana ɗaya ce, amma nauyin bidiyo ya fi na sauti nesa ba kusa ba. Haka kuma a 2024, da kamfanin ya kawo ƙirƙirarriyar basirarsa mai aiki a cikin na'ura, bai ba allunan da ram ɗinsu ya gaza gigabayit 8 ba, domin irin wannan manhaja sai an shimfiɗa ta gaba ɗaya a kan tebur kafin ta amsa tambaya ko ɗaya. A nan babu wanda za a zarga. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi cin allunan da ke hannunmu, kuma shi ne mahaɗar tilas biyun. Manhaja ba ta magana da kayan cikin na'ura kai tsaye. Tsakaninsu akwai uwar manhaja, wato Android ko iPadOS, wadda ita ce kamar sarkin kasuwa: wanda ke son kyamara ko makirfo ko hanyar intanet, wurinta zai nema. Kowace shekara ana fito da sabuwar uwa mai sababbin hidimomi. Manhajar da ta nemi hidimar da tsohuwar uwa ba ta sani ba, ba za ta sami amsa ba. Mai karatu zai ce, to a sabunta uwar mana. A nan gizo ke saƙa. A ɓangaren Android, sabuwar uwa takan fito daga Google, ta biya ta wurin maƙerin ƙwaƙwalwa, irin su Qualcomm ko MediaTek, ya daidaita ta da ƙirarsa, sa'an nan ta isa ga kamfanin da ya harhaɗa allon, shi kuma ya tura wa mai saye. Duk wanda ya janye hannu a cikin wannan sarƙa, sabuntawa ta tsaya. Alluna masu araha, waɗanda su ne akasarin abin da ɗalibi ke iya saye, da yawansu a kan uwar da suka zo da ita suke mutuwa.

Idan sabuntawa ta tsaya kuwa, tsaro ya tsaya. Ɓarayin intanet kullum suna gano sababbin kafofi, kuma ba mai toshe su a tsohuwar uwa. Har takardun shaidar da na'ura ke gane sahihin shafi da su suna da wa'adi. A ranar 30 ga Satumba 2021 wa'adin wata babbar takardar shaida ya cika, sai tsofaffin na'urori da dama suka wayi gari ba su iya buɗe shafuka masu yawa. Saboda haka idan banki ya ce manhajarsa ba za ta hau allon da aka daina toshe wa kafa ba, ba za mu ce ya yi rashin hankali ba, tun da kuɗinmu ne a ciki. Tambayar da ta rage ita ce, wa ya yanke ranar da za a daina toshewar?

TILAS NA KASUWA

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Zargin da 'yan'uwanmu suka yi daren nan yana da tarihi a bayansa. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na Turai da Amurka sun haɗa kai suka ƙayyade wa ƙwai rayuwar sa'a 1,000, har suna cin tarar wanda nasa ya zarce. A zamaninmu kuma, a Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin waɗansu tsofaffin wayoyinsa. Hujjarsa ita ce yana kare su ne daga mutuwar farat ɗaya saboda raunin batir, amma bai gaya wa masu su ba. A 2018 hukumar Italiya ta ci shi tarar yuro miliyan 10, ta ci Samsung miliyan 5, a kan sabuntawar da ta rage wa wayoyi ƙarfi. A Fabrairun 2020 Faransa ta ci Apple tarar yuro miliyan 25. Ita Faransa tun 2015 ta mai da tsufar da kaya da gangan laifi a dokarta.

Amma misalin da ya fi kusa da zancenmu shi ne na 2022. A watan Yuni Apple ya sanar da wani sabon tsari mai suna Stage Manager, wanda zai ba mai iPad damar buɗe manhajoji da yawa a fuska ɗaya kamar kwamfutar tebur. Ya ce sai allo mai M1, domin tsofaffi ba su da ƙarfin ɗauka. Waɗanda suka sayi iPad Pro na 2018 da na 2020 da kuɗi masu yawa suka yi ca. Kafin ƙarshen Satumba sai ga shi kamfanin ya ba su tsarin, illa dai ya hana su haɗa shi da wata fuska ta waje. Abin da aka ce ba zai yiwu ba a watan Yuni ya yiwu cikin wata uku, ba tare da an sauya ko ƙusa ɗaya a cikin allunan ba. Ba mu ce ƙarya aka yi da farko ba, domin lalle sai da injiniyoyi suka yi ƙarin aiki, kuma an rage wani abu. Abin da muke cewa shi ne, iyakar da aka shata tana motsawa idan masu saye suka ɗaga murya. Ashe wani lokaci “ba zai yiwu ba” ma'anarsa “ba mu ga ribar wahalar ba”.

Akwai kuma laifin masu rubuta manhaja su kansu, wanda ba mugunta ba ce, sakaci ne. Kwamfutar da ta ja ragamar kumbon da ya sauke mutum a duniyar wata a 1969, ram ɗinta bai wuce kilobayit 4 ba. Injiniyoyin wancan lokaci kowane gurbi sai sun yi masa lissafi, kamar uwargida da mudun gero a watan bazara. Yau kuwa da yalwa ta samu, sai almubazzaranci ya shigo. A 1995 wani shehin malami ɗan ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, ya yi kukan cewa manhaja tana ƙara nauyi fiye da yadda na'ura ke ƙara sauri. Maganarsa har yanzu tana nan daram. Manhajar da aikinta bai wuce nuna jadawalin lacca ba, sai ka tarar an cusa mata tallace-tallace, da hotuna masu motsi, da 'yan leƙen asirin da ke tattara bayanan mai amfani. Mai rubutun kuma shi ne ke zaɓar mafi tsufan uwar manhajar da zai yarda da ita. Lamba ɗaya ce yake rubutawa a cikin aikinsa. Idan ya ɗaga ta, aikinsa ya ragu, dubban alluna kuma sun zama marayu. Sau da yawa shi da ke zaune a Kalifoniya da sabuwar na'ura a hannu bai taɓa ganin irin allon ɗan'uwanmu ba.

Shaidar cewa zaɓi ne ita ce akwai waɗanda suka zaɓi akasin haka. A 2015 Facebook ya fito da Facebook Lite, ƙaramar manhaja don wayoyi marasa ƙarfi da intanet mai rarrafe. A 2017 Google ya sanar da Android Go don na'urori masu ƙaramin ram. Sa'ad da WhatsApp ya ɗaga iyakarsa a Oktoban 2023, a kan Android 5.0 ya tsaya, wadda aka yi tun 2014, watau ya riƙe na'urorin da suka kai shekara tara. Ba don tausayi suka yi ba. Sun ƙidaya mutanen Indiya da Afirka da Kudancin Amurka ne suka ga kasuwa ce da ba a wasa da ita. Haka nan a Oktoban 2023 Google ya yi alkawarin sabunta wayarsa Pixel 8 har shekara bakwai, Samsung kuma ya bi sahu a Janairun 2024 da Galaxy S24. Tun da shekara bakwai ta yiwu ga masu tsada, to shekara biyu da ake ba masu araha hukuncin aljihu ne.

INA RUWANMU?

Wani zai ce wannan rigimar Turawa ce da kamfanoninsu. A'a, ta fi shafarmu fiye da su. Ɗalibin Ingila idan allonsa ya tsufa, aikin hutu na 'yan makonni ya ishe shi sayen wani. Mu kuwa fa? Kafin Yunin 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. A ce allo na dala 300 ne, wanda ba shi ne mai tsada ba. A wancan farashi na 2024 ya kama naira 450,000, albashin wata shida ke nan da ɗoriya na ƙaramin ma'aikaci, bai ci ba bai sha ba. Uban da ke da 'ya'ya uku a jami'a, yaya zai yi?

Shi ya sa yawancinmu gwanjo muke saye. Allon da ya gama aikinsa a Landan ko Dubai shi ke sauka Ikeja, ya hau mota zuwa Kano ko Kaduna, ya iso hannunmu yana da shekara huɗu ko biyar. Watau muna karɓarsa ne daidai lokacin da kamfaninsa ke shirin juya masa baya. Mun biya kuɗin abu mai rai, alhali kwanansa ya kusa ƙarewa, kuma babu inda aka rubuta ranar a jikin kwali. Daga nan sai bola. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin ɗari kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Wani kaso na sauran a nahiyarmu yake ƙarewa, inda samari ke ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙi, kamar yadda aka daɗe ana yi a Agbogbloshie ta birnin Akra kafin hukuma ta rushe wurin a 2021.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, tun daga kullen annobar 2020 karatu ya ƙara komawa cikin na'ura. Rajista, biyan kuɗin makaranta, karɓar darasi, miƙa aiki, duba sakamako, duk ta can ake bi. Idan manhajar wasa ta ƙi allonka, ka yi haƙuri ka kwanta. Idan ta aikin aji ce ta ƙi, to an kafa maka shingen da babu shi a cikin sharuɗɗan shiga jami'a. Ba a taɓa cewa sai mai gigabayit 8 zai karanta fannin gine-gine ba, amma a aikace abin da ke faruwa ke nan. Ɗan'uwanmu ya yi aikinsa da allon aro, daga ƙarfe ɗaya na dare zuwa asuba, lokacin da mai shi ke barci. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Don kada a ce mun yi son kai, mun yarda cewa riƙe tsofaffin na'urori yana da tsada. Kowace tsohuwar uwar manhaja da aka ce za a tallafa, sai an gwada aiki a kanta, sai an biya wanda zai gwada. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata biyar ba zai iya abin da Facebook ya iya ba. Mun kuma yarda ba za a tsai da ci gaba don jiran na baya ba. Likitan da ke son manhajar duba hoton ƙashi mai kyau yana da haƙƙin samunta, ko da ba za ta hau allon 2015 ba. Ba mu nemi kowace manhaja ta hau kowane allo ba. Abin da muka nema shi ne a faɗi gaskiyar wane irin tilas ne, kuma abin da aka wajabta wa kowa a yi shi daidai ƙarfin kowa.

ABIN YI

Da farko, muna kira ga hukumomin jami'o'inmu da shugabannin sassa. Kafin a wajabta wata manhaja a kan ɗalibai, a binciki irin na'urorin da ke hannunsu. Idan akwai wadda ke aiki ta cikin burauza, ko wata mai sauƙin nauyi da ke yin aikin, a zaɓe ta. Idan kuwa babu makawa sai mai nauyin, kamar yadda yake a waɗansu fannonin zane da injiniya, to wajibi ne sashen ya tanadi ɗakin kwamfuta mai wuta, a buɗe shi har dare. Malamin da ya ba da aiki ya tabbata akwai inda za a yi shi.

Na biyu, ƙungiyarmu ta ɗalibai tana da aiki. Ba sai an kashe ko kwabo ba za a iya zagaya ɗakunan kwana a rubuta irin wayoyi da allunan da ɗalibai ke riƙe da su, da shekarunsu, da girman ram ɗinsu. Da wannan takarda a hannu wakilanmu za su shiga taron majalisar jami'a da hujja. Kuka ba tare da alƙaluma ba, a bakin ƙofa yake tsayawa.

Na uku, ga 'yan'uwanmu masu karatun kimiyyar kwamfuta. Gobe ku ne za ku rubuta manhajojin bankunanmu da asibitocinmu da makarantunmu. Kada ku kwaikwayi almubazzarancin waɗanda ba su san zafin aljihunmu ba. Kowane ɗayanku ya ajiye tsohuwar waya mai gigabayit 2 a aljihun tebur, kada ya ce ya gama aiki sai ya ga ya tashi a kanta, da intanet irin na ƙauyensu. Muna roƙon malamanku su sa wannan cikin ma'aunin ba da maki. Rubuta manhaja mai nauyi kowa ya iya. Gwaninta tana wurin wanda ya yi babban aiki a ƙaramin tebur, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na huɗu, ga gwamnati. Daga ranar 20 ga Yuni 2025 Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar da ta tilasta wa masu ƙera wayoyi da alluna su ci gaba da sabunta uwar manhaja aƙalla shekara biyar bayan sun daina sayar da samfurin, su kuma tanadi kayan gyara har shekara bakwai. Kamfanonin ba su gudu daga Turai ba, sun bi. Nijeriya mai mutane sama da miliyan 200 ba ƙaramar kasuwa ba ce. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ita ke amincewa da samfurin na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a nan. Me zai hana, ko da ba a kai ga irin dokar Turai ba, a wajabta rubuta ranar da za a daina sabunta na'ura a jikin kwalinta, kamar yadda ake rubuta wa magani da madarar gwangwani ranar lalacewa?

Na ƙarshe, ga mu kanmu masu saye. Mu daina ruɗuwa da faɗin fuska da ƙyallin baya. Kafin mu miƙa kuɗi, mu tambayi shekarar da aka fara ƙera samfurin, da girman ram, da lambar uwar manhajar da ke kai, da ko kamfanin yana kan sabunta ta. Mu sa mai kanti ya buɗe mana saituna mu gani da idonmu. In da hali, mu gwada sauke manhajar da muke bukata tun muna tsaye a gaban kantin. Allo mai matsakaicin kyau na bara ya fi allon alfarma na shekara bakwai da suka wuce amfani ga ɗalibi.

Yawancinmu da allon itace muka fara karatu. Ana rubutawa, a wanke, a sake rubutawa, wa ya gama ya bar wa ƙane, ba wanda ya taɓa cewa sabon darasi ya ƙi hawa. Mun sani allon zamani ba zai yi irin wannan ƙarko ba, domin aikin da ake ɗora masa kullum ƙaruwa yake yi. Amma tsakanin shekara biyu da shekara bakwai akwai tazarar digiri guda har da bautar ƙasa, kuma mun ga cewa mutane ne ke yanke wannan tazara, suna kuma sauya ta idan an matsa musu. Allon ɗan'uwanmu yana nan a kan gadonsa, yana karanta littattafai da shi kamar da. Zango mai zuwa akwai wani aikin zanen, mai maki talatin. Muna fata kafin lokacin waɗanda abin ya shafa za su karanta wannan shafi.

Wassalam.